Hutun Ɗaki na Uku

Shirun ne ya tsayar da ni. Duk wanda ya tashi a gidan kiwon kaji ya san kaji dubu biyu ba sa yin shiru da hantsi, lokacin da ake zuba musu abinci. Ɗaki na ɗaya yana ta hayaniya, na biyu ma haka, amma na uku, wanda yake can ƙarshen fili kusa da tankin ruwa, tsit kake ji kamar an kwashe kajin. An kuma saki buhunan da ake rufe tagogin waya da su, an ɗaure su tam.

Kwanana biyu ke nan da dawowa gida bayan shekara biyar ina karatun likitancin dabbobi. Gonar ta Baba ce, shi ya gina ɗakunan nan uku a bayan gidanmu da hannunsa. Amma shekara uku da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, tun daga nan yana kwance, Yaya ne yake riƙe da komai. Ni ce auta, kuma a gidanmu ba wanda yake kira na da wani suna ban da wannan.

Kawu Dogo ya zo wucewa da baro. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, ma'aikaci ne, amma tun kafin a haife ni yake tare da Baba.

Na ce, "Kawu Dogo, ɗaki na uku fa? An sayar da su ne?"

Ya ce, "A'a, suna nan. Hutu suke yi."

Har na yi murmushi, domin na san kalmar tun ina ƙarama. Idan kaji suka shekara suna ƙwai, ɓawon ya fara laushi, sai Baba ya ce lokacin hutu ya yi. Ya buɗe kejin, ya sauko da su ƙasa kan garin katako, ya rage musu abinci mai ƙarfi, ya cika musu kwami da dusa da ganye. Su yi ta birgima suna zubar da tsohon gashi, sabo ya fito, bayan 'yan makonni su koma bakin aiki. Yakan ce ko injin niƙa ana kashe shi ya huce. Mu yara kuwa lokacin ne muke samun shiga cikinsu muna guje-guje.

Sai dai Kawu Dogo bai dube ni ba da yake maganar. Ya tura baronsa da sauri kamar wanda aka aika. Ruwa ba ya tsami banza. Na nufi ƙofar, na zare sakatar.

Duhu ne ya fara tarbata, sai wari. Kafin idona ya saba na ji wani irin motsi, kamar ana karkaɗe tabarma, daga wannan bango zuwa wancan. Kawuna ne. Kaji dubu biyu sun zuro kawunansu ta cikin waya a lokaci ɗaya saboda sun ji an buɗe ƙofa. Suna cikin kejinsu, huɗu-huɗu, ba wadda aka sauko da ita. Kwamin abincin da ke gabansu har ƙyalli yake yi don sara. Na sa yatsa na shafa, ko ƙura babu. Na miƙa hannuna haka nan wofi, bakuna sun fi goma suka yi kansa.

A keji na bakwai akwai wadda ta mutu, sauran ukun suna tsaye a kanta. A na gaba wata ta tsige gashin wuyan 'yar'uwarta tana haɗiya. Na buɗe na ɗauko ɗaya. Ba ta yi ko kuka ba. Nauyinta kamar na kwalin da ba komai a ciki, ƙashin ƙirjinta kuwa a tafin hannuna kamar bayan wuƙa.

Kawu Dogo yana tsaye a bakin ƙofa, ya ajiye baron.

Na ce, "Kwana nawa?"

"Yau huɗu."

"Saura nawa?"

"Shida. In gashin bai zuba sosai ba a ƙara biyu."

"Ruwa fa?"

"Ruwa ana ba su. Ranar farko ce kawai aka rufe famfo."

Na san abin. Mun karanta shi a aji. Ana hana kaza abinci har jikinta ya firgita, ya ɗauka mutuwa ce ta zo, sai ya tsayar da ƙwai, ya zubar da gashi. Idan aka dawo da abinci, waɗanda suka rayu sai su fara ƙwai gaba ɗaya kamar sababbi. Na rubuta shi a jarrabawa, na ci maki a kansa, ina zaton abu ne da wasu marasa imani suke yi a can wani wuri mai nisa. Ashe yana bayan ɗakin girkinmu, an yafa masa sunan da Baba ya raɗa wa tausayi.

Na sami Yaya a ɗakin ƙwai yana jera kiret, yana ware masu tsagu gefe. Makullin sito yana rataye a ƙugunsa. Shi yake buɗewa kowace safiya, ya fitar wa Kawu Dogo buhunan ɗaki na ɗaya da na biyu, ya mayar da kwaɗo.

Na ce, "Yaya, ba ni makullin sito."

Bai ɗago ba. "Ina kwana, Likita. Ko a makarantar taku an soke gaisuwa?"

"Ina kwana. Ba ni makullin."

"Kin shiga ɗaki na uku ke nan." Ya ɗaga wani ƙwai ya duba shi a haske. "Kin rufe ƙofar dai? Haske yana ɓata aikin."

"Aiki? Wannan ne aiki? Kwana huɗu rai dubu biyu ba su sa komai a cikinsu ba, kai kana nan kana duba tsagun ƙwai!"

"Rai dubu biyu." Ya yi dariya. "Ji ta kamar mai wa'azi. Auta, kaji ne. Je ki kowace gona a yankin nan ki tambaya, haka kowa yake yi. Wannan ne karo na uku da nake yi, kuma duk lokacin sai sun dawo sun fi da."

"Waɗanda suka rayu."

"To da fa? Ke da kika ci cinya biyu ranar da kika dawo, kina lasar yatsa, ita waccan kazar rasuwa ta yi ta bar miki wasiyya? Sabo da kaza ba ya hana yanka."

Na ce, "Ban ce kada a yanka ba. Wuƙa minti ɗaya ce, an ba mu ita. Wa ya ba mu kwana goma na yunwa? Dabbar da ka kulle a waya, ba ta iya fita ta tona ƙasa, ba ta da bakin da za ta kai ƙara, abincinta yana wuyanka ko tana ƙwai ko ba ta yi. Kuma akwai hanya. A ba su dusa zalla, a rage haske, za su zubar da gashin ba tare da an kashe su da yunwa ba. Abin da Baba yake yi ke nan tun kafin littafi ya faɗa."

"Hanyar Baba wata biyu take ci, kuma wata ta fara yau, wata sai mako mai zuwa. Ni masu sayen ƙwai ba sa jira na. Ke kin san karatu, ni na san gona."

"Baba ya sani?"

Sai a nan ya ajiye ƙwan. "Da bakina na gaya masa. Ya ce Allah ya yi albarka."

"Me ka ce masa?"

"Na ce za a ba ɗaki na uku hutu."

"Kuma ka san abin da yake ji in ka ce hutu."

"Ban yi masa ƙarya ba." Ya nuna ni da yatsa. "Ki saurare ni, Auta. Likitan mutane, na gaske, ya ce kada a kai wa Baba maganar da za ta tayar masa da hankali. In jininsa ya hau ya sake faɗuwa, ba tashi. Ki je ki zaɓa, ubanki ko kaji."

Na fita. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya faɗi maganar a natse, kamar wanda ya daɗe da ajiye ta yana jiran ranar amfaninta.

Mama tana ɗakin girki tana tace wa Baba shayi. Tun kafin in buɗe baki ta ce, "Na ji ku. Har maƙwabta sun ji ku."

"Mama, kin san abin da ake yi a ɗaki na uku?"

"Ni ba na zuwa can."

"Amma kin sani."

Ta ajiye matacin. "Auta, shekara uku yayanki ne yake ɗauke da gidan nan a ka. Kina can kina karatu, shi yana nan cikin kashin kaji. Kwana biyu da dawowarki za ki koya masa aiki? Kwana shida ne suka rage, kamar yau ne. Ki kau da kai."

"Kamar yau ne ga wanda ya karya kumallo."

"Kul! Ni kike gaya wa magana?" Ta kama hannuna, muryarta ta sauka. "Ki yi mini alkawari ba za ki ce wa mahaifinki komai ba. Ni na san daren da na gani a asibiti. Ki yi mini alkawari."

Na dubi idonta, na ga tsoro ne zalla. Na ce, "Na yi alkawari. Ba zan ce masa komai ba."

Ranar na rasa inda zan sa kaina. Na gwada kwaɗon sito, na ƙarfe ne mai kauri. Na kwashe ragowar tsakin da ke ɗakin girki na kai musu, bai kai wa keji ashirin ba, sauran kuwa da suka ji ƙarar ci sai suka haukace suna dukan waya har wasu suka fasa baki. Na tsaya a tsakiyarsu da kwano wofi, na gane na ƙara musu azaba ne kawai.

Washegari da safe na bi Kawu Dogo muka fitar da matattu. Goma sha ɗaya. Yana jera su a baro yana kau da fuska.

Na ce, "Kawu, kai ka yi aiki da Baba shekara talatin. Yaya kake iyawa?"

Ya ce, "Ni ɗan aiki ne, 'yata. An ce zuba, in zuba. An ce bari, in bari." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "Abin da ya fi mini nauyi shi ne in na shiga gaishe shi. Kullum sai ya ce, Dogo, yaya 'yan hutu? In ce suna nan, maigida. To suna nan ɗin ne. Shi da a da ba ya yarda da bakin kowa a kan kaza, sai ya ɗauke ta ya taɓa da hannunsa."

Ya tura baro ya tafi, ya bar ni da maganar. Kowa a gidan nan gaskiya yake faɗa. Yaya bai yi ƙarya ba, Kawu Dogo bai yi ƙarya ba, Mama ba ta zuwa can. Da gaskiyar nan tasu aka kashe kaji goma sha ɗaya kafin hantsi.

Na koma ciki na ɗauko kaza ɗaya daga keji na bakwai, na naɗe ta a tawul. Na san sarai dabarar Yaya ce na ara, in riƙe harafin alkawari in karya ma'anarsa. Na san kuma abin da likita ya ce. A bakin ƙofar Baba har na juya sau ɗaya. Sai kazar ta sari maɓallin rigata, ta sake sara, tana ƙoƙarin haɗiye shi. Na tura ƙofar.

Baba yana jingine da matasai kusa da taga, rediyonsa yana magana ƙasa-ƙasa. Ɗakin yana ƙanshin man zafi. Mama ta riga ta ajiye masa tire a gefen gado: shayi, burodi, dafaffen ƙwai ɗaya, da ƙwayoyin maganinsa uku a murfin kwalba, waɗanda ba a sha sai an ci abinci. Ta fita ɗauko ruwa.

Ya ga tawul ɗin yana motsi, rabin fuskarsa mai lafiya ya yi murmushi. Maganarsa a hankali take fita tun da ya kwanta, kalma ɗaya-ɗaya.

"'Yar... hutu?"

Ban ce komai ba. Na ɗora masa ita a cinya.

Hannunsa na hagu ya san hanya. Ya shafa bayanta, ya zagaya ƙirji, ya tsaya. Yatsunsa suka bi ƙashin nan daga sama har ƙasa. Suka hau gindin wuya, inda abinci yake taruwa in kaza ta ci, suka matsa, fata ce kawai. Murmushin ya ɓace. Kazar kuwa ta hango tiren. Ta fizge daga hannunsa da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta faɗa kan burodin tana sara kamar mahaukaciya, ta ture kofin shayi, ta shaƙe, ta ci gaba da sara.

Mama ta shigo da jug ɗin ruwa a hannu, ta daskare. "Auta! Me kika yi?"

"Ban ce masa komai ba, Mama."

Baba bai dubi ɗayanmu ba. Yana kallon kazar. Ya ce, "Kira... shi."

Yaya ya shigo yana goge hannu a wando. Ya ga kazar, ya gan ni, ya gane. In da kallo yana kisa da ban kai yanzu ba.

Baba ya nuna ta da haɓa. "Wannan... hutu?"

"Baba, hanya ce da kowa..."

"Kwana... nawa?"

"Biyar yau. Baba, ka kwantar da hankalinka, wallahi suna dawowa. Bara ma haka na yi, bara waccan ma haka, kuma kai da kanka ka yaba ƙwan."

Da ya yi shiru da ya fi masa. Na ga maganar ta shiga Baba kamar allura. Shekara biyu yana sa wa abin albarka daga kan gadonsa. Jijiyar goshinsa ta tashi, numfashinsa ya fara sauri, Mama ta yi kansa tana kiran sunan Allah. Na ce a raina shi ke nan, na kashe ubana a kan kaza.

Yaya ya juyo kaina. "Kin gani? Kin ji daɗi? Wallahi in wani abu ya same shi ba ni ba ke!" Ya koma ga Baba, muryarsa ta fashe. "Ni kaɗai nake fama! Ni nake tashi, ni nake kwana da zullumi, ba wanda ya taɓa tambayata yaya nake yi. Yau yarinya ta dawo da takarda ta mayar da ni mugu!"

Baba ya jira har ya gama. Sa'an nan ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya sa a gefen tiren, ya ture shi zuwa ƙarshen gado.

Mama ta ce, "Bari in kawo maka wani, wannan ta ɓata shi."

Ya girgiza kai. "Ni ma... hutu."

"Me ka ce?"

"Hutu. Sai... sun ci."

Mama ta ce, "Maigida, maganinka! Ba a shansa da wofin ciki, ka sani!"

Ya rufe ido, ya juya fuska ga bango. Duk wanda ya san Baba ya san an gama magana.

Kazar tana ta sara a kan tire. Mama ta dubi Yaya tana hawaye. Ya tsaya kamar minti ɗaya yana huci. Sai ya fizgo makullin daga ƙugunsa ya jefa, ya daki ƙafata.

Ya ce, "Ga shi nan, Likita. Daga yau ɗaki na uku naki ne. In ƙarshen wata mai zuwa bai yi da ƙwai a kiret ba, motar mahauta za ta kwashe su, ke za ki loda su da hannunki." Ya fita ya buga ƙofa.

Mama ta sunkuya tana goge shayin da ya zube. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kin cika alkawari. Allah ya ba ki masu cika miki irinsa."

Maganar ta yi mini ciwo fiye da ta Yaya, amma ban tsaya ba. Na ɗauki makullin da kazar na fita da gudu ina kiran Kawu Dogo.

Cikin da ya kwana biyar wofi ba a cika shi lokaci ɗaya. Muka jiƙa dusa da ruwa a manyan robobi, muka bi layi-layi muna zuba kaɗan-kaɗan. Na yanke igiyoyin buhunan taga ta gefe ɗaya, iska ta shigo. Ƙarar da ta tashi a ɗakin nan ba zan manta da ita ba, bakuna dubu biyu a kan kwano, kamar ruwan sama a rufin kwano. Wasu ba su iya tashi ba, sai da muka fito da su muka sa musu a baki. Shida daga ciki ba su haɗiya ba. Ga wasu an makara, kuma a haske na ga abin da duhu ya ɓoye mini jiya: ko sun ƙoshi, huɗu-huɗu suke a wurin da ɗaya ba za ta iya buɗe fiffike ba. Tsugune ba ta ƙare ba. Amma yau dai ci ne a gabanmu.

Rana ta kusa tsakiya muka gama zagaye na farko. Na ce, "Kawu, yi sauri ka gaya wa Baba sun ci, ya sha maganinsa."

Ya tafi, bai daɗe ba ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ya ci?"

"Bai ci ba. Na ce maigida sun ci, wallahi sun ci. Ya dube ni kawai ya miƙo hannu." Kawu Dogo ya sunkuyar da kai. "Ya daina karɓar baki a gidan nan, 'yata. Har da nawa."

Na buɗe kejin da ya fi kusa na ɗauko ɗaya, dusa duk a bakinta. Na ratsa fili da ita, na wuce Yaya a ƙofar ɗakin ƙwai, ya kau da kai. A ɗakin Baba, Mama ta kawo sabon tire tana zaune a gabansa, shayin ya huce.

Na ɗora wa Baba kazar a cinya. Yatsunsa suka tafi gindin wuyanta, suka matsa a hankali. Akwai ɗan ƙulli mai laushi a wurin, bai fi lemun tsami ba. Ya daɗe yana taɓa shi.

Sa'an nan ya ce, "Ƙara... da yamma."

Na ce, "Zan ƙara, Baba."

Ya saki kazar, ya jawo tiren.